Shagon firem ko galari: lissafin da muka yi a gidanmu na Agege

Bayan ƙaramar sallar bara Baba ya tara mu a tsakar gida, ya ce ya sayar da filinsa na wajen Sango-Ota, kuɗin kuma ba na aure ba ne, ba na Umra ba, na shago ne. Ya haura shekara talatin yana yankan gilashi a Agege, ido ya fara gajiya, yana so kafin ya koma zaman benci ya ga inda za mu dosa. Bai gama rufe baki ba Yaya ya ce a kama shagon da ke jikin namu, a fasa bango, a sayo injuna. Auta kuwa, wadda ta karanta zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba, ta ce a yi mata haƙuri, amma lokaci ya yi da za mu haye gada mu buɗe gidan baje kolin zane a Lekki, abin da mutanen Legas ke kira galari. Ni ke riƙe da littafin shago, don haka ni aka ɗora wa lissafin. Wata uku na yi ina yawo tsakanin Mushin, Shomolu, Ikoyi da Lekki da biro a aljihu. Na san ba gidanmu kaɗai ke wannan muhawara ba: akwai masu firem a Idi-Araba da Obalende, akwai 'yan uwanmu masu sayar da kayan fata da sassaƙa a kasuwar Jakande da ke mafarkin shago mai farin bango. Ga abin da na gano, in zai yi wa wani amfani.

Abu na farko da ya raba sana'o'in biyu shi ne wanda ke shigowa ƙofa, da abin da ya kawo shi. Mai zuwa shagon firem da kayansa yake zuwa a hammata. Hoton biki ne, ko shaidar saukar Alƙur'ani ta yaro, ko takardar digiri da ta bautar ƙasa, ko hoton Ka'aba da alhaji ya sayo a Makka ya naɗe a akwati. Watan Maulidi na gabatowa za ka ga hotunan Shehu Ibrahim Inyass sun cika teburi. Amare na son Ayatul Kursiyyu da Asma'ul Husna masu ruwan zinare don bangon falo. Buƙatar tana nan kafin mutum ya san da kai, aikinka kawai ka biya ta. Yana ba da rabin kuɗi, da shi za ka sayo kaya, bayan kwana uku ko huɗu ya zo ya cika ya ɗauka. Har siyasa tana ciyar da mu. Da aka rantsar da Bola Tinubu ranar 29 ga Mayun 2023, duk ofis da makaranta da otal da ke rataye hoton shugaban ƙasa sai da ya sauke na Buhari ya ɗora sabo. Mako biyu muka yi ba ma tashi sai bayan isha'i. Na gwamna ne kawai bai kawo mana komai ba, don Sanwo-Olu ya zarce, hoton 2019 yana nan inda yake.

Galari kuwa ba wanda ya wayi gari yana buƙatar zane. Sha'awa ce, ko ajiyar dukiya, ko nuna isa, kuma masu yi ba su da yawa, yawancinsu sun san juna, yawancinsu suna tsallaken gada, wajen Ikoyi da Lekki. Auta ta fi ni sanin wannan duniya, kuma hujjarta ba ta yara ba ce. Ta ce kasuwar zane a Legas ta girma a idonmu: kamfanin gwanjo na Arthouse Contemporary ya fara buga ƙararrawa tun 2008, Rele ta buɗe a 2015, Tokini Peterside ta kafa bikin ART X Lagos a 2016, kowane Nuwamba masu saye daga Ingila da Amurka da Faransa suna sauka a Victoria Island. Sannan ta jefo babban dutsenta: zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu, wanda aka tsinta a wani gida a Landan, an sayar da shi fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams a watan Fabrairun 2018. Ta ce, "Baba, firem nawa za mu haɗa kafin mu ga rabin wannan?" Baba bai ce komai ba, ya ci gaba da jan carbi.

Na je na duba gidajen da take misali da su, na tarar da wani abu da ba ya cikin lissafinta. Omenka da ke Ikoyi kasuwancin gida ne kamar namu, amma wanda ya kafa shi a 2003, Oliver Enwonwu, ɗan shi Ben Enwonwun ne. Suna ya gada, da masu sayen da suka san mahaifinsa. Katafaren gidan Nike Davies-Okundaye na Lekki, mai hawa biyar da dubban zane a ciki, a 2009 aka buɗe shi, bayan matar ta shafe shekaru da yawa tana rini da koyarwa a Oshogbo, tana kai kayanta ƙasashen waje. Abin da waɗannan gidaje ke sayarwa rabi zane ne, rabi yarda ce. Attajirin da zai fitar da miliyoyi a kan kyalle mai fenti, mai shagon yake saye kafin zanen: wane ne kai, wa ya san ka, in abin ya zama jabu ina zan same ka? Jarin galari na gaskiya lambobin wayar da ke amsa kiranka ne. Mu gadonmu abin yankan gilashi ne, lambobin da ke wayarmu kuma na limamai ne da shugabannin Islamiyya da dillalan shanun Oko-Oba.

Sai haya. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da GRA ta Ikeja, wato daidai unguwannin da galari ke son zama. Lekki tana cikin dokar a takarda, amma cikin wurare ukun da aka zaga da ni, biyu shekara biyu aka nema a dunƙule, ban da kuɗin dillali da na lauya da na gadi da shara. Da na tara, kuɗin filin Baba ya ƙare tun ba a shafa farin fenti ba, ba a sa fitila ko ɗaya ba. Shagon da ke jikin namu a Agege kuwa, mai gidan mun san shi tun ina firamare, in wata ya yi tsauri Baba zai je su gaisa su fahimci juna.

Wuta ma haka. Galari ba ya rayuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ba don jin daɗin baƙi kaɗai ba, don zanen kansa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar layin da ake kira Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, man janareta kuma kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi. Dole ɗakin ya kwana da sanyi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Shagon firem yana iya aiki da rana tsaka babu wuta. Injin yankan kusurwa na Morso, ƙirar Denmark, da ƙafa ake taka shi, wuƙaƙe biyu su sauko su fitar da digiri 45 sumul kamar an yanka sabulu. Injin haɗa kusurwa, mai harba ƙusa mai siffar V ta ƙasa, shi ma akwai na takawa. Baba ma shekara ashirin ya yi da zarto da akwatin kusurwa na katako, kuma firem ɗinsa na nan a rataye a gidajen mutane bai buɗe baki ba.

Kada a ce na ɗaure wa Yaya gindi, nasa ɓangaren ma akwai ramuka. Na farko dala. Sandunan firem na roba masu kama da katako, waɗanda yawancin kwastomomi ke zaɓa, daga Sin ake shigo da su, haka kwalin gefe mai kyau, wanda ke zagaye hoto a cikin firem, da Perspex, wato robar nan mai kama da gilashi. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. A lokacin sai ka yi wa mutum kuɗi ranar Litinin, ka je Mushin ranar Laraba ka tarar sandar ta tashi, ka dawo ka yi aikin a faɗuwa don ka riga ka ba da baki. Na biyu, ƙananan firem an gama kashe su. Wanda ke son na ɗora wa a kan tebur ko na takardar shaida ɗaya zai same shi a kasuwar Idumota, haɗaɗɗe daga masana'anta, a farashin da bai kai kuɗin gilashinmu ba. Masu ɗab'i na Shomolu kuma suna buga hoto a kan kambas, wato kyallen zane, su ja shi a kan katako, babu gilashi babu firem, matasa kuma sun fi son hakan. Ga waya: hoton suna da na kamu duk suna cikin waya, ɗaya ko biyu ake wankewa. Duk wanda ya zuba kuɗi a injuna don ya yi gasa da Idumota, ya sayi wahala da kuɗinsa. Abin da ya rage wa mai firem na hannu shi ne aikin da masana'anta ba ta iyawa: abu mai girman da ba a saba ba, abu mai tsada, abu mai rauni, abin da in ya lalace babu na biyu.

A nan ne danshin Legas ya shigo, kuma shi ne abin da na fi daɗewa a kansa, domin shi ne maƙiyin galari, shi ne kuma abincin mai firem da ya san aikinsa. Wanda ya koyi sana'ar a Kano ko Katsina ya zo nan sai ya sake koyo. Can ƙura ce matsala da tsagewar katako a hunturu. Nan a damina, musamman Yuni da Yuli, danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100, bango yana zufa, hunturun ma leƙowa kawai yake yi ya koma. Wata Hajiya ta taɓa kawo mana hoton aurenta daga Ajah, wai a canja firem. Wanda ya yi mata na farko ya manna hoton kai tsaye a jikin gilashi, ya rufe baya da kwalin taliya da salatif. Yaya ya ɗaga gilashin a hankali, sai fuskar ango ta biyo gilashin, ta bar farar takarda a inda take. Ta baya kuma fumfuna ta yi taswira, ƙusoshin sun yi tsatsa sun zubar da ja a gefe. Hajiya ta zauna a benci ta yi shiru. Mijin ya rasu, kuma babu wani kwafi.

Abin da zai hana wannan ba boyayye ba ne, kuɗi ne kaɗan da haƙuri. Hoto ba ya taɓa gilashi: ana sa kwalin gefe ya ba da tazara, iska ta samu wurin zama. Kwalin ya zama marar asid, in ba haka ba bayan 'yan shekaru zai bar rawayen layi a takarda. Bayan firem, MDF ya fi arha kuma ya fi santsi, amma garin katako ne da gam, yana shan laima ya kumbura kamar burodin Agege a shayi. A gidan da ke kusa da ruwa gara allon roba. Sanda kuwa, ta roba ba ruwanta da gara ko laima, sai dai in ta yi tsawo takan lanƙwashe, in ta karye kuma babu gyara. Katako ya fi daraja da ƙarfi: obeche ba shi da nauyi, yana da daɗin yanka, amma ƙwari na son sa sai an yi masa magani, mahogani da iroko sun fi jurewa, sun fi tsada, kuma in ka sayo su a kasuwar Amu ta Mushin ɗanye ne, sai ka jingine su sun bushe, in ka yi gaggawa kusurwa za ta buɗe bayan wata biyu. Gilashi mai kaurin milimita 2 ya ishi yawancin aiki, ba ya karcewa, ba shi da tsada. Perspex nauyinsa kusan rabin na gilashi ne kuma ba ya tarwatsewa, shi ya dace da babban aiki ko ɗakin yara ko abin da zai yi tafiya, amma yana karcewa da tsumma mai kaushi, kuma yana jan gari, don haka ba a sa shi a kan zanen gawayi ko alli. Zanen fentin mai a kan kambas ma galibi ba a sa masa gilashi. Sannan a bayan firem a manna 'yan ƙananan roba biyu a ƙasa don kada ya kwanta a jikin bango. Mai saye ba ya ganin ko ɗaya cikin waɗannan ranar da ya zo ɗauka. Bayan damina uku yake gani.

Shi gilashin ma yankansa ilimi ne. Baba yakan tsoma bakin abin yankan a murfin kwalba mai kananzir, ya dafa ma'auni da hagu, ya ja layi sau ɗaya tak. Ƙarar siririya ce, kamar ana yaga sabuwar shadda. In ya ji ta yi kaushi ya san ya danna da yawa. Ba ya maimaita layi, ya ce mai maimaitawa shi ke ɓata wuƙa da gilashi gaba ɗaya. Sai ya jawo gilashin bakin tebur, ya ɗan karya wuyan hannu, ƙas, ya rabu biyu. Yaron da muke koya wa sai da ya fasa na kuɗin abincinsa na wata kafin kunnensa ya gane wannan ƙarar.

To a galari, wannan danshin a kanka yake, kuma kayan ba naka ba ne. Yawancin zanen da ke rataye a irin waɗannan gidaje amana ce: mai zane ya kawo, in an sayar gida ya cire la'ada, galibi tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. A ido abin da daɗi, tun da ba ka sa kuɗinka a kaya ba. A ce an sayar da zane naira dubu 600, ka ɗauki dubu 240 ba ka taɓa zarto ba. Amma kafin wannan rana ka biya haya da wuta da mai gadi na wata nawa? Ka yi firem ɗin da kuɗinka, ka buga katin gayyata, ka shayar da baƙi ranar buɗewa, rabinsu sun zo ɗaukar hoto ne. Mai saye kuma yakan ce a kai masa gida ya gani a bango tukuna, ya biya kashi-kashi, mai zane yana kiranka safe da yamma. Mun ɗanɗana kaɗan daga wannan. Wani abokin karatun Auta ya bar mana zane uku mu gwada sayarwa, muka jingine su a ɗakin baya, a ƙasa, damina ta wuce a kansu. Da muka juya su, biyu sun yi tabon fumfuna har cikin zare. Laifinmu ne, Baba ya biya ba tare da ciniki ba, ribar kusan wata biyu ta tafi a kan kayan da ba mu ci ko kwabo a kansu ba.

Akwai kuma tarkuna biyu da mai galari ke takawa, mai firem bai san su ba. Ɗaya jabu: sunan babban mai zane da ya rasu yana da sauƙin kwaikwayo a kusurwar kyalle, in ka sayar sau ɗaya aka gane, an gama da kai a garin da masu saye ke cin abinci tare. Ɗaya kuma kayan tarihi. 'Yan uwanmu masu fataucin tsofaffin kaya sukan zo da kan yumɓu ko tagulla a buhu su ce daga ƙasa aka tono. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da irin waɗannan sai da izini, ta kuma hana fitar da su ƙasar waje ba tare da izini ba. In na gaske ne ka karya doka, in na ƙarya ne ka cuci mai saye.

Sai maganar da ba a sa ta a littafin lissafi, amma a gidan Bahaushe tana iya rushe komai: me za a rataye? Baba yana yi wa hoton mutane firem, amma akwai zanen da ba zai kwana a shagonsa ba, kuma duk wanda ya zaga galarin tsibiri, wato ɓangaren Ikoyi da Victoria Island da Lekki, ya san irin wanda nake nufi. Mai firem yana iya cewa aiki ya yi masa yawa, a wuce wurin. Mai galari kuwa zaɓinsa shi ne fuskarsa, in ya ce ba ya ɗaukar kaza ya rage masu zanensa da masu sayensa. A nan Auta ta fi mu gani. Ta ce wannan iyakar ita ce kasuwar. A zagayen da na yi, abin da aka fi nunawa daga Arewa dawakin hawan sallah ne da 'yar Fulani da ƙwarya, kamar mu ba mu da wani abu. Ina rubutun ajami, ina zayyanar allo, ina dagi da aska takwas na wuyan riga, ina zanen bangon gidajen Zariya da Kano? Ta tuna mana cewa su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda ake ji da su a Legas, a Zariya suka haɗu suka kafa ƙungiyarsu a 1958, kuma har yau Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masu zane da ba su da bango a Legas. Wannan gaskiya ne, ban iya musa shi ba.

Mun ma taɓa gwadawa ba da niyya ba. Wani alaramma ya kawo allon zayyana na saukar ɗansa, muka yi masa firem mai zurfi kamar akwati, allon yana tsaye a tsakiya bai taɓa gilashi ba, don tawadar gawayi da ƙaro ce, raɓa kaɗan za ta narkar da ita. Kafin ya zo ɗauka wata mata mai ƙawata gidaje ta gan shi ta nace sai an sayar mata. Baba ya ce na mutane ne, kuma ko nasa ne ba zai sayar da allo mai ayoyi ya je ya rataya inda bai san me ake yi ba. Amma ya yarda a sa wani mai zayyana ya yi mata ado zalla, babu aya. Ta karɓi huɗu, ta sake aikowa. Auta har yau tana kafa hujja da wannan, Yaya kuma yana cewa ai firem ɗin ne ya sayar da shi.

Ta fuskar gida kuwa, shagon firem yana ɗaukar hannuwa da yawa: mai yanka, mai haɗawa, mai zuwa kasuwa, mai lissafi, har yaron da ya ƙi boko yana da abin yi. Galari mutum ɗaya yake so, mai baki, mai Turanci, mai haƙurin tsayuwa a liyafa, sauran 'yan gida sun zama 'yan kallo masu jiran rabo. Gidan da mutum goma ke ci daga shago ɗaya kullum, ba zai iya jiran cinikin da ke zuwa sau uku a shekara ba. Kowanne aka zaɓa dai, ina ba da shawarar a yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin kamfani mai hannun jari, ba sunan kasuwanci kawai ba. Sunan kasuwanci da mai shi abu ɗaya ne, ranar da ta Allah ta kasance sai a rasa yadda za a raba injin yanka tsakanin magada takwas sai an sayar. Hannun jari kuwa yana rabuwa bisa ƙa'idar gado, shago yana buɗe. Baba da kansa ya ce a rubuta wannan tun yana raye, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanya ba sai na tsawaita ba. Daga Agege zuwa Lekki da gilashi mai tsawon mutum a bayan mota, a bi Oshodi a hau gadar Third Mainland mai kilomita 11.8, rabin yini ne in an yi sa'a. Jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a Agege da Mushin da Yaba ya sauƙaƙa zuwa sayen ƙananan kaya, amma ba a shiga da gilashi, acaɓa kuma an hana shi a yawancin waɗannan unguwanni tun 2022. Wanda zai buɗe galari a Lekki ya bar wurin aiki a Agege, ya sa kuɗin mota da na fashewa a lissafi.

In ka tambaye ni wa ya kamata ya buɗe galari, zan ce wanda ke da kuɗin da zai riƙe ɗakin shekara biyu ko uku ba tare da gida ya dogara da shi ba, wanda ya riga ya sayar da zane daga waya ko daga falonsa ga mutane goma da za su dawo, kuma yana da masu zane biyar ko shida da suka yarda da shi. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, ya dakata. Wanda kuɗinsa guda ne, kuma shi ne na tuwo, ya zauna a firem, amma ya bar wa Idumota ƙananan aiki, ya koyi na masu tsada. Abin da na lura da shi a yawona shi ne, kowane zane da ke rataye a Ikoyi wani ne ya ja kambas ɗinsa, wani ne ya yanka masa sanda, kuma ana biyan wannan mutumin ko zanen ya sayu ko bai sayu ba.

Da na karanta musu lissafin, Baba ya juya wajen Auta ya ce, "Ke Auta, bango nawa kike buƙata don ki fara?" Ta ce ai ba maganar bango ba ce, Baba, mai sayen Ikoyi ba zai zo Agege ba. Ya ce, "Na ji. Bango nawa?" Ta ce ɗaya.

Mun kama shagon maƙwabcin. Mun sayi Morso wanda aka taɓa amfani da shi da injin haɗa kusurwa, mun ware kuɗin kaya na wata shida don kada dala ta sake yi mana ba-zata. Bangon gabas, mita shida, an shafe shi fari, an sa fitilu huɗu da na'urar tsotse danshi, ba a jingine komai a ƙasa. Auta ke da shi, Yaya ba ya rataye ko kalanda a wurin. Yanzu akwai aikin masu zayyana biyu daga Zariya da na wata abokiyar karatunta, tana ɗaukar hotonsu tana sawa a Instagram, in an yi ciniki ita ke kaiwa. A watan Oktoba, kafin ART X, ta cika jaka da guntayen kusurwa na mahogani da iroko ta zaga gidajen tsibiri tana nuna aikinmu, ta dawo da odar ja da firem na zane goma sha ɗaya daga gida ɗaya. A bangonta kuwa, cikin wata bakwai, an sayar da uku. Ta buɗe wani asusu daban tana zuba la'adarta, a bangon littafin ta rubuta Lekki da jan biro, kuma ba ta bari in duba shi.